Allin da ke Jikin Bangon Surukina

Malama Zulaihatu, don Allah ki agaje ni da shawara, damuwata ba ta faɗuwa a majalisa.

Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Birni, ina kai kaya Nijar. Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya cinye ɗakinmu na ƙasa, surukina, tsohon magini ne a Isa, ya zo da kansa ya tayar mana da sabo. Bangon da ke kallon gulbi da kankare ya zuba shi, da rodi a ciki, ya ce ruwa ba zai ƙara korar jikokinsa ba.

Daminar bana sai ga tsaga a bangon, daidai inda 'ya'yana ke kwana. Abokai suka ce in sa a fasa a gani. To Malama, wa ke sa guduma a aikin surukinsa? Mutumin da ko sunansa ba na kamawa! Gaba kura, baya sayaki.

Ana haka na samu wani injiniya, Shamsu, ya ce ai yanzu ana duba cikin bango ba a fasa ba, kamar yadda ake yi wa mai juna biyu hoto. Ya zana layuka da alli a jikin bangon. Ya bi da wata na'ura mai ƙara duk inda ta iske rodi. Ya ɗauko wata mai kama da tocila, tana ƙwanƙwasa kankaren don auna taurinsa. Ta ƙarshe sauti take aikawa daga wannan gefe zuwa wancan. In ciki a cike yake sautin ya wuce da sauri, in da kogo ya yi jinkiri.

Alhamdulillahi, rodi na nan inda ya kamata, kankare na da ƙarfi, tsagar kuma a filasta kawai ta tsaya. Wallahi sai da na zauna a ƙasa don daɗi. Wuri ɗaya ne a ƙusurwar ƙasa, faɗin faifai, inda kankaren bai zauna sosai ba. Ya kewaye shi da alli, ya ce ba abin tsoro ba ne, amma a cike kafin wata damina, kada danshi ya sa rodi tsatsa.

Yanzu ga Baba, wato surukin nawa, zai zo bayan girbin gero. Mai ɗakina ta ce mu wanke allin, mu kira wani magini a ɓoye. Amma Baba ya san hannunsa, zai gane faci. In kuwa na faɗa masa, ya san na yi shakkar aikinsa. Ya za ni yi?

Surukin Magini, Sabon Birni

Ɗan'uwa, barka da arziki. Ba ka yi laifi ba. Uban da ya ga tsaga inda 'ya'yansa ke kwana ya yi shiru don kunya, shi ne abin zargi. Amma fargabar mai ɗakinka ma tana kan hanya: dattijon da ya yi aiki don ƙauna, ba ƙaramin ciwo zai ji ba in ya ga an auna shi a bayan idonsa.

Sai dai ɓoyon ya fi ciwo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma facin baƙon magini zai yi ta gaya masa magana duk ranar da ya shigo gidan.

Kada ka wanke allin. Kada kuma ka faɗa masa da bakinka, surukuta ba ta yarda ba. Nemi amininsa, kamar yadda ka yi lokacin neman aure, ya kai masa labarin a jere: tsaga ta tsoratar da ku, kun ƙi yarda a taɓa bangon da guduma, na'ura ta duba ta ce aikin ya yi, saura wuri ɗaya da ke jiran mai shi. Ka karɓo wa Baba bayanin kayan cikon daga wurin injiniya, in an gama kuma injiniyan ya dawo ya sake aunawa.

Zai iya ɗaure fuska kwana biyu, ka yi haƙuri. Amma ka tuna don wa ya zuba bangon nan. Shi da ya ce ruwa ba zai ƙara korar jikokinsa ba, ba zai bar wa ruwa ƙofa ba, ko da faɗin faifai ce.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa bangon ya ga jikokinku.