Mai Riƙe Igiya

Zuwa ga 'yata Chizuru, a Kyoto.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Akari. Nan ruwa ya fara ɗumi, mata sun koma nutso. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban taɓa zama a aji ba. Uwarki ce ta koya min a bayan kalanda, ita ma rabi ta iya.

Takardarki ta zo, sau uku na karanta. Kin ce tun da jininki ya fara ɗaukewa wani zafi yake taso miki daga ƙirji zuwa fuska, da rana tsaka, gumi ya keto. Kin ce likita ya hana ki maganin da ake ba mata saboda aikin da aka yi miki a nono. Kin ce ɗigo ɗaya ya faɗa kan farin alharinin da uwarki ta saya ta ajiye don rigar auren Akari, kin samu kin ɓoye wurin a cikin kalmasa, kuma babu sauran ƙyallen da za a sake yankawa. Sannan kika tambaye ni ko uwarki Matsue ita ma ta yi wannan ciwo.

Ba ta yi ba. Shekara talatin da takwas ina riƙe da igiyar Matsue. Ita tana ƙasan teku tana ɓamɓaro awabi, katantanwar nan ta teku, daga jikin duwatsu, ni ina cikin kwalekwale ina ƙirga, kafin in kai hamsin ta ja igiya, in fizgo ta sama. Mutumin da ya san yawan numfashin matarsa ne zai kasa sanin tana ciwo? Wannan abin naku na birni ne.

Ita kuma takardar da nas ta ba ki, wai a shaƙi iska a ƙirga huɗu, a sake a ƙirga shida. Yanzu har numfashi sai an rubuta muku? Ki buɗe taga.

Mahaifinki,
Torakichi

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Na buɗe tagar. Na gode da shawara.

Takardar nas ba wasa ba ce, akwai matan da ta yi wa amfani. Ni ce na kasa. Da na fara ƙirga, kafin in kai uku hankalina ya tafi kan ranar biki, sai in ɓata lissafin, sai zafin ya ƙaru. Yau kwana ashirin ban taɓa alharinin ba. Na ɗinka wa 'ya'yan mutane rigunan aure fiye da ɗari, yanzu ina tsoron hannuna a kan ta 'yata. Jiya Akari ta ce, "Mama, ba komai, sai mu ɗauko ta haya." Da murmushi ta faɗa. Da ma faɗa ta yi min.

Bikin a watan goma ne. In watan takwas ya ƙare ban ci gaba ba, zan naɗe alharinin in aiko maka, ka ajiye a gaban hoton Inna. Ita da ba ta taɓa yin gumi ba sai ta riƙe kayanta.

Ka huta lafiya.
Chizuru

*

Chizuru,

Gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Wasiƙarki ta hana ni gyaran raga. Sai na taka zuwa bukkar masu nutso, inda suke jin wuta in sun fito daga ruwa. Kin tuna Hatsu, ƙawar uwarki? Haƙoranta sun ƙare, bakin bai ƙare ba. Tana ganina ta ce, "Tora, wa ya mutu ka shigo bukkar mata?"

Na ce ba kowa, tambaya ce. Na gaya mata abin da na rubuta miki.

Ta yi dariya har sai da aka bubbuga mata baya. Ta ce, "Ku ji min wannan mutum! Shekara uku Matsue tana tafasa a gabanka kamar tukunyar miya, kai kana kallon igiya."

Na ce ƙarya ne.

Ta ce, "To shekarun da take fitowa ta ƙi hawa kwalekwale fa? Ka ɗauka rawa take koyo?"

Daga nan ban ƙara jin surutunsu ba. Abin ya dawo min kamar ina cikinsa. Ruwa kwance, kore, rana tana wasa a kansa. Na fizgo ta, ta zuba awabi a kwando, maimakon ta kama gefen jirgi sai ta cire mayafin kanta ta kwanta rigingine a kan ruwa. Gashinta ya bazu kamar ciyawar teku. Idonta a rufe. Tana wannan fiton da masu nutso suke yi in sun fito, amma nata ya fi na kullum tsawo, siriri, a hankali, har ka rasa inda ya ƙare da inda iska ta karɓa. Fuskarta ja. Ni na ɗauka rana ce. Gajimare yana wucewa ta samanta, igiya tana lilo tsakanina da ita, kamar ba abin da zai sake motsi a duniya.

Kin san me na ce mata? "Matsue, awabi ba zai hawo da ƙafarsa ba!" Kullum. Shekara uku.

Hatsu ta ce ta taɓa tambayarta yadda take yi zafin ya wuce. Ta ce mata, "Ni ba na ƙirga komai. Wancan mai taurin kan ne yake ƙirga min. Ko yana faɗa, babban yatsansa yana buga igiya, ɗaya, ɗaya, ina ji a ƙuguna. Shi nake bi in saki numfashi."

Ban san ina yi ba. Ina duba hannuna a bukkar nan, sai ga yatsan yana bugun gwiwata. Matan suka fashe da dariya, na tashi na fita.

To, na yi kuskure, na rubuta, kada ki sa in maimaita. Takardar nas ɗinki ba ta yi ƙarya ba, abu ɗaya ta manta. Wanda yake cikin ruwa ba shi ne yake ƙirga ba.

Igiyar tana nan a rataye, na wanke ta. Na so in aiko ta gidan waya, sai na ga igiya ba mai riƙewa ai tsumma ce. Zan hau jirgin ƙasa ran Talata, ni da rabona da shi tun aurenki. Ki tura wani tasha, ba zan tambayi kowa hanya ba. Kada ki naɗe alharinin.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Hatsu,

Gaisuwa, da fatan bakinki ya gaji. Ki ba kyanwata abinci, zan ƙara wata guda.

Zafin bai daina zuwa ba. Amma in ya taso sai Chizuru ta soke allura, ta ja da baya daga alharinin, ta rufe ido. Igiya a ƙugunta, ni a bakin ƙofa. Jiya sau huɗu. Ta fara iya fiton, ba kyau, kamar buta. Hannun riga biyu sun haɗu, ba ɗigo ko ɗaya.

Ɗazu zafin ya daɗe bai sake ta ba. Na ƙirga har ɗari da goma, maganar nan tawa ta zo min har bakin harshe. Na haɗiye ta. Na jira har ita ta ja igiyar da kanta.

Torakichi