Tsamiyar Gonar Yaya Hamisu

Litinin, 4 ga Janairu, 1993

Yau mun ɗaura wa motar Baba lasifika biyu a bisa. Fijo 404 ce, tsohuwa tukuf, amma da aka saki waƙar jam'iyyarmu sai da duk tashar Gidan Rumji ta waiwayo. Cindo makanike ya ce batir ɗaya ba zai ɗauka ba, muka ƙara na biyu a but. Don kar waya ta dami mutane, na huda ƙasan motar ta bayan kujerata da ƙusa da guduma, muka bi da ita ta ƙarƙashi.

Muna cikin aikin sai ga Yaya Hamisu da hular jam'iyyarsu. Ya ce, “Shu'aibu, motar nan gadonmu ce mu biyu fa.” Na ce to wa ke zuba mata mai tun rasuwar Baba? Ya dube ni, ya dubi lasifika, ya ce, “To, za ka gani.” In ga me?

Alhamis, 7 ga Janairu

Mun tafi mitin garin Sae Sabuwa. Muna kaiwa daidai tsamiyar gonar Yaya, lasifika ta yi ɗif. Odar motar ma ta ƙi yin ƙara. Injin kuwa yana ta aikinsa lafiya lau. Fis ɗin wuta ne ya ƙone, na canza. Na dawo da ciwon kai kamar ana daka a ciki. Sanyi ne, na san sanyi ne, ai duk gilasai a rufe muka tafi.

Asabar, 9 ga Janairu

Cindo ya kwance dinamo, ya sa sabon gawayi, ya goge kawunan batir. A gareji motar ta yi ta waƙa har ya gaji ya kashe. Ya ce, “Maigida, lafiyarta ƙalau.” To wa ke ƙarya, ni ko ita?

Talata, 12 ga Janairu

Wurin nan dai. Tsamiyar nan dai. Ɗif!

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. In waya ce, me ya sa ba ta mutuwa a gari? Waya ta san gonar wani?

Juma'a, 15 ga Janairu

Abin kunya. Bayan na canza fis muka shiga wani ƙauye, na ɗauki makirfo, na buɗe baki, sai na ji ina kiran sunan jam'iyyar su Yaya. Da ƙarfi, har da kirari! 'Yan ƙauyen suka fashe da dariya. Ni kaina ban san na faɗa ba sai da aka fizge abin daga hannuna. Na yi amai a bayan wani rumbu.

Da na faɗa wa matata Batulu, maimakon ta tausaya mani, sai ta ce, “Malam, kullum ka fito daga motar nan idonka ja kamar gauta. Ka huta mata mana.” Mata kenan. Ana maganar an juya wa mutum harshe a baki, tana maganar hutu.

Lahadi, 17 ga Janairu

Na je wurin Malam Hayatu. Ban kama sunan kowa ba, shi ma bai kama ba. Ya dai ce ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ke tsayawa wuri ɗaya, a wurin yake. Ya ba ni turare in riƙa turara cikin motar kafin in tashi. Ya ce in na doso tsamiyar in tabbata ko'ina a rufe yake ruf, kar iskar wurin ta same ni.

Wai ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya goya ni ya tsallake gulbi da ni. A kan zaɓe?

Laraba, 20 ga Janairu

Mota sai ƙamshi. Kai kuwa ya fi na da ciwo. Na yi sallar la'asar, na tashi ina tambayar Batulu ko an yi la'asar.

Asabar, 23 ga Janairu

Cindo ya ce sautinta ya canza, tana wani furr-furr daga ƙasa, in kawo a ɗaga ta a duba salansa. Na ce ina ruwan salansa da lasifika? Wuta nake nema mata, yana kai ni wurin hayaƙi. Ya ce shi dai ya faɗa. Na ce ya riƙe faɗarsa, abin da ke damun motar nan ba na sufana ba ne.

Talata, 26 ga Janairu

Batulu ta ba ni kajinta in sayar mata a Sae Sabuwa. Wasu na ɗaure su bisa mota kusa da lasifika, sauran na kwantar da su a ƙasa bayan kujerata. Da na isa, na bisa suna ta kuka, na cikin kuwa sun miƙe, ko motsi. Ko yanka ban samu yi ba.

Shi kenan, magana ta ƙare. Ni aka jefa, kaji suka tare.

Batulu ta yi kukan kajinta, ta share hawaye, ta ce, “To Malam, sammun ya san na bisa da na ƙasa ne?” Na ce ta yi mani shiru. Amma tambayar ta ƙi fita daga kaina. In ni ake nema, me ya haɗa shi da kaza? In kuma wurin ne, ai na bisa su suka fi shan iskar wurin. Kai, ban sani ba. Kaina ba ya ɗaukar tunani kwanakin nan.

Laraba, 27 ga Janairu

Na je wurin mai gari. Na ce ina so a kira Yaya Hamisu ranar Juma'a bayan masallaci, ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai binne mani kome ba a gindin tsamiya. Mai gari ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Ɗana, ka san in ya dafa, ko Alƙur'anin ya ci shi ko bai ci ba, kun rabu kenan har 'ya'yanku?” Na ce na sani.

Batulu ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ai ba ni na ruɓar da shi ba.

An ce da aka kai wa Yaya sammaci, sai ya juya ya shiga ɗaki.

Asabar, 30 ga Janairu

Sai yau na iya riƙe alƙalami. Bari in rubuta yadda na tuna, sauran kuma yadda aka faɗa mani.

Alhamis da hantsi na ce sai na tono abin da aka binne na gani da idona kafin rantsuwa. Na turara mota, na sa galma a but, na tafi ni kaɗai. Daidai tsamiya, ɗif, kamar kullum. Na tsaya a gindinta. Ban kashe injin ba, don batir ya yi sanyi, in na kashe babu mai tura ni. Na ce bari in yi addu'o'in da Malam ya ba ni tukuna, gilasai a rufe yadda ya ce. Na tuna na fara. Na tuna wani barci mai daɗi.

Sai na farka bisa amalanken jaki, rana a fuskata, wani yana ta marina yana kiran “Shu'aibu! Ƙanena!” Yaya ne. Ya zo kai taki gona, ya ga mota tana rugugi, ya leƙa ya gan ni kife a kan sitiyari, ƙofofi a kulle. Da fartanya ya fasa gilashin gefena. Gilashin motar Baba, wadda ko yaro ya jingina da ita sai Yaya ya yi faɗa. Hannunsa duk jini, ya naɗe da hular jam'iyyarsu.

Likita ya ce hayaƙin mota na sha, kuma ba ranar na fara ba. Ya ce ban ji wari ba? Na ce turare nake ji. Ya girgiza kai.

Jiya Juma'a ina kwance. Babu wanda ya je wurin mai gari.

Litinin, 1 ga Fabrairu

An jawo ta gareji, Cindo ya ɗaga ta, na shiga ƙarƙashi da kaina. Salansa ta tsage, tsagar tana kallon hudar da na yi da ƙusa, baki da baki. Wayar lasifika kuma tana kwance kusa da bututun. In an yi tafiya ƙarfe ya ɗauki zafi, robarta ta yi laushi, ta taɓa ƙarfe, fis ya tafi. Daga gida zuwa tsamiya, iyakar tafiyar da zafin ke buƙata kenan. Da gonar wani ce a wurin, da wani na kai ƙara.

Cindo bai ce “na faɗa maka” ba, Allah ya yi mashi albarka. Mai walda ya liƙe salansa, ya toshe hudar.

Na daɗe a ƙarƙashin motar bayan an gama. Suka yi ta kirana, na ce ina duba wani abu ne.

Alhamis, 4 ga Fabrairu

Na je har ƙofar gidan Yaya. Na tsaya. Na wuce kamar kasuwa za ni. Me zan ce? “Sannu da hannu”? Kunya ta ishe ni.

Na saya wa Batulu kaji. Ta karɓa ba ta yi mani gori ba, abin ya fi gorin zafi.

Lahadi, 14 ga Fabrairu

Zaɓen 'yan majalisa. Lasifika suna ɗaki tun ranar walda. Nauyi suke wa motar, ba wani abu ba.

Na fito da sassafe, sai na ga motar ta bi ta unguwar su Yaya, ko da yake ba hanya ba ce. Yana zaune a dakali, hannu a naɗe. Na tsaya na buɗe mashi ƙofar gaba. Ya shigo, ya ce, “Ta bar furr-furr ɗin.” Na ce ta bari. Iyakar hirarmu kenan har lakol, makarantar da ake jefa ƙuri'a. Ya shiga ya fito, na shiga na fito. Ban tambaye shi ba, bai tambaye ni ba.

A hanyar dawowa ya ce sanyi na shigowa, yaushe zan sa sabon gilashi? Na ce na duba ko'ina a Maraɗi, babu irinsa.

Akwai. Na gan shi da idona a shagon kayan Fijo ran Talata. Ban saya ba. Tagar da Yaya ya buɗe mani, ba zan rufe ta ba.