Madarar Shagon Kawu

Zongo, Kwatano

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da jaririyarmu Nadjoua. Allah ya raya ta, ya ƙara muku lafiya a Damagaram. Mu nan kalau muke, sai ruwan sama da ya mai da layinmu tafki. Uwargida Zouliha tana nan tana mulkina kamar yadda kika bar ta.

Na zaɓi takarda ne don na san halinki, in a waya ne kafin in kai ƙarshen magana kin kira mahaifinki, Kawu Mounkaïla, kina kuka. Ranar Talata na sayi madarar gwangwani a shagonsa. Kin san ni da karatu, ko takardar da aka ƙunso ƙosai sai na duba. Na juya gindin gwangwanin, sai na ga wa'adinta ya wuce da wata takwas. Zouliha ta ce in jefar a bola in yi shiru, ai ba a mayar wa kawu kaya. Na ce mata idan na jefar da ɗaya, saura na nan suna jiran 'ya'yan maƙwabta.

Na bari sai da layi ya yi shiru bayan azahar, na je na sa masa gwangwanin a hannu, na roƙe shi ya karanta mini kwanan watan, wai na manta tabarauna. Murja, ya daɗe yana juya shi. Daga baya ya ce Faransawan yanzu rowar tawada suke yi. A juye ya riƙe rubutun, sama a ƙasa.

Na zauna muka bi kantocin ɗaya bayan ɗaya, ni da karatu, shi da mita. Sardin, tumatir, biskit, kwali biyu muka ware. Wani mai sari a kasuwar Dantokpa ne ya gane idon Kawu kafin mu 'yan uwansa mu gane, yana tura masa abin da ya kwana. Na ɗora kwalayen a zemijan, wato acaɓan nan, na mayar, mutumin ya canza ba gardama, da ya ga ina ɗaga murya cikin Faransancina na ranar Salla. Mun kuma bi gidaje uku da suka sayi madarar muka karɓo. Alhamdu lillahi ba wanda ya sha.

Na lallaɓa shi muka je asibiti, likita ya ce yanar ido ce, aiki ne ƙarami. Kawu ya ce shi ba mai taɓa masa ido, kuma ya roƙe ni kada ki ji. Ban yi masa alkawari ba. Duk duniya ke kaɗai kike ce masa tashi ya tashi.

Kin tuna hoton Nadjoua da kika turo, ya ce miki kamarta ɗaya da marigayiya Inna? Jiya ya tambaye ni a hankali ko da gaske tana kama da ita. Ki zo da ita, Murja, a yi aikin, ya duba da kansa.

Ki gaishe mini da Malam Kader da Goggo Larai. Zouliha tana gaishe ki ƙwarai.

Yayanki,
Mahamoud