Ni a Gaba, Okbay a Baya

Lahadi, 8 ga Satumba

An kawo mini mijina Okbay a bayan motar wani mai kayan miya, gwiwa duk jini, keken a gefensa tayar gaba ta lanƙwashe. A hanyar Massawa abin ya faru, kaɗan da fita Asmara. Tirela ta ɓullo ta hagunsa bai gan ta ba, sai da iskarta ta watsa shi cikin kwata. Ina wanke masa ciwon yana tambayata ko fentin keken ya kankare. Mutum mai shekara sittin da bakwai! Shekara talatin da takwas muna tare, ban taɓa jin ya tambayi lafiyar jikinsa kafin ta keke ba.

Talata, 10 ga Satumba

Asibitin ido. Likita ta ce ciwon daga gefe yake cin gani, yanzu abin da ke gabansa sak kaɗai yake gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta ba da maganin ɗigawa, ta ce keke kuma sai haƙuri. Ya ce mata to. Na san wannan to ɗin.

Laraba, 11 ga Satumba

Yana barcin rana na tura keken gidan maƙwabciyarmu Adey Mihret, na sa masa kwaɗo. Makullin yana cikin tulun yajin berbere.

Asabar, 21 ga Satumba

Kwana goma bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Yana zaune a tsakar gida da tsohuwar rigarsa ta tsere, wadda ya ci gasar Keren da ita tun kafin mu haifi Rahwa. Na yi miyar shiro, ya gutsuri gurasar injera sau biyu ya tsame hannu. Na dafa gahawa har zagaye uku, kofin farko ma bai ƙarasa ba. Abokan hawansa sun zo wucewa da safe suka buga ƙararrawa a ƙofa kamar kullum. Ya ce in ce musu yana wanka.

Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Litinin, 23 ga Satumba

Ni na fara maganar, don haka ba ni da wanda zan zarga. Na ce zan dawo da keken bisa sharaɗi biyu: hanyar da babu manyan motoci, kuma ni ce a gaba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Letay, rabonki da keke tun kina zuwa masaƙa. Kin san ma inda birki yake?" Na ce zan tambayi jakuna a hanya.

Ya cinye abincinsa tas. Da yamma ya sauko da keken Rahwa daga saman ɗaki, wanda ta bari da za ta tafi Kampala, ya zauna yana goge sarƙa da tsohon burushin haƙori yana 'yar waƙa.

Lahadi, 29 ga Satumba

Tsazega muka je muka dawo. Motoci huɗu kacal na ƙirga, sai amalanken doki. Na sa rigar ruwa rawaya don ya riƙa hango ni. Aikina in riƙa faɗa masa abin da ke gefe: rami a dama, tumaki, yara, jaki. Aikinsa, a ganinsa, ya gyara mini zama tun daga ƙofar gida har mu dawo. Gwiwoyina sun buɗe da yawa. Ina riƙe kan keke kamar mai shaƙe kaza. Ban san canza giya ba.

Da ƙyar nake zaune ina rubutun nan.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Cinyoyina. Wayyo.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Hanyar Himbirti. Sha'ir ya yi zinariya ta ko'ina, iska mai sanyi, ba ka jin komai sai ƙarar taya a kwalta. A hawan ƙarshe numfashina ya ƙare, na ce masa zan sauka in tura. Sai na ji tafin hannunsa a tsakiyar bayana. Ya matso daf da ni yana tura ni da hannu ɗaya, yana taka nasa keken, har muka kai sama. Rabon da ya taɓa ni a waje, gaban mutane, na manta.

A ƙauyen wasu tsofaffi biyu da ke zaune ƙofar shagon shayi suka gane shi. Ɗaya ya ce, "Okbay, yanzu har mata ke wuce ka?" Ya ce wannan ba mace ba ce, fitilarsa ce, su yi hankali da bakinsu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Mun yi faɗa. Ya zana taswira a bayan kalanda, duk hanyoyin da ya ce mota ba ta damunsu, ya saka har da gangaren Filfil. Na ce gangaren da ke da kwana sama da yatsun hannuna da na ƙafa ba zan bi da shi ba. Ya ce ya san kowace kwana ko ido rufe. Na ce ai kusan haka ne. Bai kamata in faɗa ba.

Na yi masa gurasar kitcha da man shanu da yawa. Ya ci, amma bai ce ya yi daɗi ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mun bi ta Serejeka, iyakarmu bakin gangaren Filfil, haka muka shirya. Gajimare ya taso daga ƙasa ya rufe hanya. Na waiwaya ban gan shi ba. Na koma baya da gudu. Na same shi tsaye a tsakiyar kwalta, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon inda ba ni nake ba. Taku biyar ne tsakaninmu, amma duk da rawayar rigata bai gan ni ba sai da na yi magana.

Ya ce sarƙa ce ta zame. Sarƙar tana nan daidai.

Muka dawo a hankali, ina buga ƙararrawa yana bin sautin.

Talata, 12 ga Nuwamba

Likita ta ce idon hagu ya kusa rufewa.

Da muka dawo gida shi da kansa ya wanke keken, ya shafa mai, ya rage iskar tayoyi, ya rataye shi a bangon falo. Na ce, "Baban Rahwa, ai Tsazega ba ta da wuya, da ƙararrawa za mu iya." Ya ce a'a. In ya faɗi shi kaɗai wannan nasa ne, amma ya lura ina yawan waiwaye, wata rana garin duba shi ni zan faɗa rami.

Na shiga madafa na daɗe ina yanka albasar da ba na buƙata.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yana cin abinci. Ya fita shan gahawa da abokansa, da ƙafa. Ni ce na rasa inda zan sa kaina, na share tsakar gida sau biyu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ƙwai ya ƙare, jibi kuma azumin coci zai kama, wanda ba a cin ƙwai a cikinsa, na ga gara in samo masa na ƙauye ya ci na ƙarshe. Shi ya sa na je Himbirti, ba wani abu ba. Hawan nan na yi shi ban sauka ba, kuma ban tsaya hutawa a sama ba, sai da na ga na wuce shagon shayin da nisa sannan na tuna da ƙwan.

Na dawo na tarar da shi a ƙofar gida da agogo a hannu, ya kai shi daf da idonsa na dama. Ya ce awa biyu da minti hamsin, kuma tun daga kan layi ya ji ina taka giyar da ta yi mini nauyi. Ya sa na zauna na ba shi labarin hanyar kwana bayan kwana: ina aka girbe, ina kwalta ta fashe, wa na gani. Da na tsallake wani wuri sai ya mayar da ni.

Ƙwai uku sun fashe cikin jaka.

Kalandar nan tasa na ɗauke ta daga falo na kawo ɗaki, don kada ƙura ta ɓata ta. Akwai wata hanya da ya zana ta bayan Zager, ban taɓa bi ba. An ce zumar can tana da kyau.