Mayafin da Inna Ta Rufa wa Inbata

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Yaya Anti Rabi da yara? Allah ya sa kowa ƙalau.

Inbatar sola da ka aiko ta ƙone. Inna ce ta lulluɓe ta da mayafinta na Makka, wai kayan da aka aiko mata daga nesa ba za su zauna tsirara ba. Na gani, ban hana ta ba. Ni ma na ɗauka gata ne.

Mai gyara ya zo daga Rogo. Ya ce akwatin nan shi ke juya wutar batir ta koma irin wadda firij ke amfani da ita, kuma ta 'yan ramukan jikinsa yake shan iska. Mu muka toshe masa numfashi. Batir a cike yake, amma babu wuta.

Kafin ya zo, zafi ya lalata allurarta ta ciwon suga da ke cikin firij. Muka ci gaba da yi mata, ba mu sani ba. Yanzu tana kwance a asibiti. Ina ba ta kunu, in wanke kwano, in dawo in zauna. Ban yi kuka ba. Ban ma san me nake ji ba.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Jiya da ta farka, abin da ta fara tambayata shi ne, "Kin rufe kayan yayanki?" Na ce eh. Da na koma gida Zoza, na ɗauko mayafin da ƙunarsa, na sake rufe inbatar.

Ƙanwarka,
Habi