Hadiza Ta Zaɓi Yamai

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafin Kwatano? Mu nan Gaya lafiya lau.

Ɗiyata Hadiza ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta fi kowa a darasin shimi, wato ilimin sinadarai. Jami'a biyu sun ɗauke ta karatun likita, ta Yamai da ta wajenku. Na so ta zauna gidanka yadda ka nema, na yi ta juya maganar. Sai ta ce, "Baba, gadar kan iyaka na rufe tun hawan soja. In ciwon sukarin Kaka ya tashi nan gida, kwalekwale zan tsaya jira?" Wallahi ni da na haife ta ban hango wannan ba. Yamai za ta.

Kada ka ji haushi, ka sa mata albarka. Inna na gaishe ka, a gaida yara.

Ƙanenka,
Adamu