Albasar da Na Zaɓa da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Mohtob 'yar Nazar, matar marigayi Kurbon, ta ƙauyen Sarichashma, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun ƙi ni, idona na hagu ya mutu, amma hankalina daram yake, kada wani ya ce tsufa ne ya sa tsohuwa sambatu. Likita ya gaya wa ɗana Daler maganar a bayan ƙofa, ya ɗauka ban ji ba. Na ji. Wata biyu ya ce, ko uku.

Ku uku Allah ya bar mini: Nozanin babba, sai Bahrom da ke aikin gini a Rasha, sai auta Daler da ke riƙe da ni shi da matarsa Gulandom. Shekara talatin da ɗaya ke nan Nozanin ba ta ci abinci a faifai ɗaya da Bahrom ba, ko sunansa ba ta kira. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Sauran duk ƙananan abubuwa ne, amma bari in fara da su.

Na ɗaya. Gida da gonar dankali da saniya, a raba yadda shari'a ta tsara, liman ya san aikinsa. Keken ɗinkina na Gulandom ne tun yanzu. Shekara shida tana wanke ni tana juya ni, ni kuwa ban taɓa ce mata sannu ba tare da na haɗa da ƙorafi ba. Gulandom, shayinki bai taɓa yin salam ba, bakina ne.

Na biyu. Kada a yi mini taron ƙarya. Shinkafa tukunya ɗaya ta isa, kada Daler ya yanka saniya don mutane su ce ya iya.

Na uku. Lambun furannin da ke bayan tanderu ba a raba shi, ba a kuma nome shi a shuka albasar miya, ko da Daler ya daɗe yana harararsa. Ku san abin da ke ciki, don in na tafi babu mai gaya muku.

Layin da ke jikin katanga shi ne siyohgush, mai baƙin kunne, wanda ke huda dusar ƙanƙara ya fito tun kafin Nauruz, bikin shigowar sabuwar shekara. Cikinsa rawaya ne mai sheƙi, bayan kunnuwansa da duhu kamar an shafa masa toka. Babana ya tono mini shi daga makiyaya shekarar da aka kawo ni gidan nan. Na kusa da shi fari ne mai zane-zanen toka a baya, wuyansa rawaya. Babanku ya kawo shi daga duwatsun Kirgiz lokacin da yake tuƙin babbar mota, a cikin safarsa ya naɗo shi, ya miƙo mini yana cewa, "Ungo, ga kishiyar dankali na kawo miki, tunda ciyawa kika fi so a kaina." Manyan nan masu shuɗi da Gulandom ta sayo a kasuwar Dushanbe na gona ne, ba na dutse ba, girma gare su amma sai sun ji ɗumi suke fitowa. Na ƙarshe za'afaran ne. Shi ganye kawai za ku gani yanzu, kada ku ce ya mutu ku tumɓuke, sai kaka yake fure.

Duk ɗabi'arsu ɗaya. Ba sa son ruwa ya kwanta musu. Kada a yanke ganyen sai ya bushe da kansa, don da shi albasar ke tara abincin baɗi. Duk shekara huɗu a tono su da rani, a rarraba, a mayar zurfin tafin hannu. Ɓera na son su, ku bar kyanwa ta yi yawonta.

In yara sun zo da furen farko suna waƙa ƙofa-ƙofa, ku karɓa ku shafa a ido ku yi wa Allah godiya da ya nuna muku wata shekarar, ku ba su zabibi da alewa. Kada a ce gidan Mohtob an rufe ƙofa.

Na huɗu. A lungun da na kewaye da duwatsu akwai wani mai rawayan fure, shi ne surinjon. Kun sha tambayata dalilin da na ajiye dafi a gida. Don a koya na ajiye shi. Duk jikan da ya iya ƙidaya a kai shi ya durƙusa ya buɗe furen. Siyohgush tsinke uku ne a cikinsa masu ɗauke da gari, surinjon shida. Ganyen siyohgush siriri ne da farin layi a tsakiya, na surinjon ya fi faɗi, ba layi. Albasar siyohgush dunƙulalliya ce mai ɓawon zare-zare, ta surinjon doguwa ce mai santsin ɓawo, gefe ɗaya a shafe. Ko ɓera ba ya taɓa ta. Bayan duk wannan, na haramta wa zuriyata cin kowace daga ciki, ko wace irin yunwa aka shiga.

Na biyar. Nozanin, zauna in a tsaye kike.

Kin tuna shekarar yaƙi, da aka rufe hanya garin alkama ya ƙare. Mijinki ya maƙale a birni, kin dawo gida da 'yarki Sitora tana 'yar shekara huɗu. Garin busassun 'ya'yan itacen tut muke damawa da ruwa, shi ma ya kusa ƙarewa. Ni na aiki Bahrom dutse ya tono albasar siyohgush mu gasa, yadda makiyaya ke yi. Babana ya koya mini cewa ba a tono sai fure ya buɗe an ƙidaya. Ranar ko ɗaya bai buɗe ba, kawunansu kawai suka leƙo daga ƙanƙara. Na sani, na kuma aike shi.

Ya dawo da rabin buhu, yatsunsa sun farfashe. Ke kina rafi wajen wanki, babanku ya tafi neman itace. Muka zauna bakin murhu ina tsincewa. Bahrom ya ɗauko wata babba ya ware ta gefe, ya ce, "Inna, wannan doguwar ban yarda da ita ba, a yar da ita." Yana ɗan shekara sha bakwai. Na ce masa, "Kai ka haife ni? Tun ba a san za a yi ka ba nake tonon wannan. Mayar da ita." Ko juya ta a hannu ban yi ba. Girmanta kawai na gani, da kuma yadda wuyan yarinyar ya rame. Na gasa ta a toka, na ɓare, na hura mata, na sa wa Sitora a baki da hannuna. Ta ce, "Kaka, da ɗaci." Na ce, "Haɗiye, 'yar gidana, yunwa ta fi ta ɗaci."

Sauran kin sani. Kwana uku ta yi.

Da aka dawo daga maƙabarta kika tari Bahrom a tsakar gida gaban mutane, kika ce, "Kai ka kashe mini 'ya, kai da ba ka san uku da shida ba." Babanku ya mare shi. Bahrom bai kare fuskarsa ba, ni ya kalla. Ni kuwa na sunkuya ina gyara itacen murhu. Mata suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, yaro ne, a yi haƙuri. Ina jinsu na yi shiru. Tsoro na ji. Ni ce wadda duk ƙauye ke kawo wa fure in faɗi sunansa, kuma na san in kika juya mini baya ba zan rayu ba. Na ce gobe zan faɗa. Babanku ya mutu bai sani ba, bai kuma sake kiran ɗansa su zauna shan shayi ba.

Sau ɗaya na gwada, shekarar da Bahrom ya zo jana'izar babanku kika bar ɗakin da ya shigo. Na same shi a lambu na ce zan gaya miki. Ya ce, "Inna, bari kawai. Gara ta rasa ƙane da ta rasa uwa. Ni na saba." Na karɓi wannan maganar da hannu biyu, don ta yi mini daɗi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na fake da wannan shekara da shekaru. Ba sirri na riƙe ba, ɗana na bari yana ɗauke da gawar da ba shi ya kashe ba.

Duk shekara kina zuwa ki taya ni shara a lambun nan, kina cewa ni kaɗai na san zafin da kike ji. Duk lokacin da kika faɗi haka ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na shida. Bahrom, ɗana. Bikin 'ya'yan yayarka uku aka yi ba a gayyace ka ba, 'ya'yanka sun girma ba su san ɗakinta ba. Ba ni da abin da zan biya ka. Ka yi gaskiya a ranar, ka fi uwarka ido kana yaro. Na rubuta shi nan don 'ya'yanka su karanta su san ko wane ne ubansu. Ka yafe mini in za ka iya. Kuma in yayarka ta zo gare ka, kada ka sa ta daɗe a tsaye, ita ma zaluntarta aka yi.

Na bakwai. Da na fara rubutun nan niyyata a ba liman ya karanta bayan an rufe ni da ƙasa. Da na kai nan na gane wannan ma wata ɓuyar ce, in bar muku wuta ni ina kwance ba mai iya tambayata. Na fasa. Daler, ka kira yayanka a waya ka ce ya taho, kada ya jira hutu. Ranar da ya iso ka je ka ɗauko Nozanin, ka karanta musu wannan da bakinka, ni ina zaune a ɗakin.

Nozanin, ban roƙe ki gafara a takarda ba, don ba a takarda na yi miki laifi ba. Abin da duk kika tara na shekara talatin da ɗaya, ki kawo shi inda ya dace tun mai shi tana numfashi. Ki zage ni, ki fita, ki ƙi zuwa wankan gawata, duk hakkinki ne, kuma na hana kowa ya ce miki uwa uwa ce. Abu ɗaya nake nema. In za ki fita daga ɗakin, kada ki wuce ƙanenki kamar yadda kika saba.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya albarkaci abin da kuka haifa, ya raba ku da yunwar da ke sa babba ya ƙi jin yaro. Ku riƙe juna, ku taka zuwa gidajen juna ko ba biki ko ba mutuwa. Allah ya jiƙan Kurbon, ya jiƙan Sitora. Ni kuma ku roƙa mini sauƙi, don ita zan fara tararwa a can, kuma ban san abin da zan ce mata ba.

Mahaifiyarku,
Mohtob 'yar Nazar